Ƙara Ɗaki Na Ce, Ban Ce a Rushe Gida Ba

Tanut, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Isufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri. Allah Ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya cikin mota, Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin masu tare hanya, Ya sauke ka Tamanrasat da ƙafafunka kamar yadda ka hau. Na sa ta cikin jakarka, ƙarƙashin ƙullin cuku da dakuwa, don na san halin cikinka, ba za ku yi nisa da gari ba hannunka zai kai wurin.

Gaisuwa ta ƙare. Yanzu ka gyara zama, don raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Da baki na so mu yi maganar nan. Tun shekaranjiya nake neman ka zauna, kana ce mini, "To Inna, ina zuwa," sai wayarka ta yi kuka ka fice. Ba zan ɗaga maka murya gaban matarka da ƴaƴanka ba, ban saba ba. To, karatun yaƙi da jahilcin da kuke yi mini dariya a kansa yau ya yi rana. In ka ga baƙaƙen sun karkace, ba tsufa ba ne, fushi ne.

Me muka ƙulla da ka dawo daga Aljeriya? Mun zauna gindin dogon yaro, ni da kai da ƙanenka Nuhu. Muka ce gida ya yi mana kaɗan. Matarka Rakiya da yara cikin ɗaki ɗaya kamar kaji a akurki, Nuhu kuma zai kawo mata bayan girbi. Ka ce Allah Ya buɗa maka a gyaran mota, kana so ka ƙara ɗakuna. Na sa maka albarka har da hawaye. Ƙara ɗaki na ji ka ce, kuma a kan ƙara ɗaki na sa albarkar.

Sai ranar Litinin na dawo daga barkar haihuwa, na tarar da wani mutum tsakar gidana da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Ya shafa wa zaure. Ya shafa wa soron babanka. Ya shafa wa tsohon rumbu da katangar gabas. Har dogon yaron bai tsira ba.

Na ce, "Bawan Allah, lafiya kake ɓata mini bango?"

Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Alama ce. Duk inda na sa ja, ƙasa zai sha."

Na ce, "Da izinin wa?"

Ya ce, "Da izinin mai gidan."

Na ce, "Mai gidan nan yana makabarta. Wane mai gida kake nufi?"

Sai ya yi ƴar dariya, ya ce shi ɗan kwangila ne daga Damagaram, kai ka ɗauko shi. Ya buɗe mini wata takarda mai zane, ya ce ga falo, ga gareji, ga inda za a sa babbar ƙofar ƙarfe. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni cin tuwo ran nan. Ya ce, "Ai Isufu ya ce in ya tafi mu fara. Ke kuma za a kai ki Gangara wurin ƴan'uwa ki huta, har a gama."

In huta! Isufu, a bakin baƙo zan ji cewa za a kai ni in huta? Ka shirya ka sulale, ka bar ni da diga da shebur a kan kaina, in ka kai inda muryata ba ta kaiwa sai a fara? Wannan ba ƙarin ɗaki ba ne, wannan rashin kunya ne. Muciya na ɗauka. Mutumin ya naɗe takardarsa ya fita bai ko rufe gwangwaninsa ba.

Amma ba zagi na zauna rubutawa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, hanyar da kake son bi na riga ka binta, na san inda take ɓullewa. Ba ka taɓa tambayata ba, to yau ka ji ko ba ka so.

Lokacin da muka taso daga Gangara, wurin nan bayan gari ne. Ba kowa sai mu da sabara da awakin mutane. Babanka da ƙannensa suka kwaɓa ƙasa suka ɗora zaure da soro da rumbu, suka gina wa Iya, kakarka, ɗakinta daga yamma. Ba ka tuna ɗakin nan, kana goye lokacin. Bangonsa ya fi kamu kauri. Da tsakar bazara, rana na dukan ƙasa, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa ƙafa cikin rijiya. Ruwan randarta har haƙora yake kamawa.

Sai gari ya fara cim mana. Wani ma'aikacin gwamnati ya sayi fili kusa da mu, ya yi ginin bulo da rufin kwano, ya shafa farar ƙasa. Matarsa ta kira ni in ga ɗaki. Na dawo gida na dubi namu, sai na ga kamar a cikin tukunya muke kwana. Shekarar kuwa gero ya yi, gyaɗa ta yi. Na sa babanka gaba, safe da maraice, sai ya yi mana irin na maƙwabta.

Ya ce, "Zuwaira, ga fili nan daga gefe, mu gina can."

Na ce, "Sabon ɗaki jikin wannan tulin ƙasa? Mutane su ce me? A ɗauke na Iya, a yi mata mai kyau a wurin."

Na naɗe abin cikin sunan Iya, alhali idona nake wa. Muka ce mata ta je Gangara ta huta kafin a gama. Ka ji kalmar? Ita ce wadda ka aiko mini ta bakin ɗan kwangilarka. Iya ba ta yi gardama ba. Ta tattara ƙorenta, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ɗakin dai bai yi muku laifi ba." Shi ke nan abin da ta ce.

Ta dawo cikin bazara. Muka shimfiɗa mata tabarma a sabon ɗaki, ina ta washe baki ina jiran yabo. Ta zauna ɗan lokaci, zufa na bin wuyanta, ta taso ta fito. Ta ce, "Zuwaira, wannan tanderu ne. Ni ba waina ba ce." Ta ja tabarmarta gindin dogon yaro, a nan ta ƙare bazarar, tsohuwa mai ciwon ƙafa, a fili kamar baƙuwa. Da ruwa ya sauka, kwano ya dinga ƙara kamar ana kiɗan gwangwani a kanta. Ta ce a mai da ita Gangara. Ba ta sake kwana a gidan ɗanta ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Babanka bai taɓa yi mini gori ba, ba halinsa ba ne. Amma har ya koma ga Allah ban ga ƙafarsa cikin ɗakin nan ba. Ka san shi ai. Shi ne wanda kuke kira ɗakin harawa, inda muke tara abincin awaki. Abin da na kori uwar mijina a kansa ke nan.

Saboda haka, kafin ka ɗaga diga a kan ɗaki, ka tambayi mai kwana cikinsa. Ba mai zane ba, ba maƙwabci ba, mai kwana ciki. Kuma kada ka yanke wa gini hukunci sai ka yi azahar ɗin bazara a cikinsa. Da ka shiga soron babanka da tsakar rana ka zauna, sannan ka shiga ɗakin harawa, da jikinka ya faɗa maka abin da nake wahalar rubutawa.

Wautata ba ta tsaya nan ba. Da aka rushe ɗakin Iya, an jibge azararsa bayan gida. Azarar giginya ce, baƙa, mai nauyi. Daga tsohon gidan kakanka na Gangara aka kwance ta, shi ma raƙuma suka kawo masa daga kudu, don ka san ƙasarmu ba giginya. Ta rufe ɗaki can, ta zo ta rufe ɗaki nan, ko gara ba ta taɓa ta ba. Ni kuwa lokacin ina suyar ƙuli-ƙuli, itace ya yi wuya. Na sa aka faskara ta ɗaya bayan ɗaya, na cusa ƙarƙashin kasko. Har ina murna wutarta na daɗewa.

Ba a jima ba muka tashi rufe madafa, aka nemi azara aka rasa. Sai katako muka saya a kasuwa. Damina ba ta zagayo da yawa ba gara ta mai da shi gari. Ranar da rufin ya lotsa, babanka ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Da ƙuli-ƙuli na riƙe rufi, da mun huta." Dariya ya yi. Ni ban yi ba.

Yanzu ka ɗaga kai ka dubi rufin zaure da na soro. Irin azarar nan ce. Na tambayi mutuminka me zai yi da ita, ya ce ai tarkace ne, za su kwashe a kamiyo, babbar motar kaya. Tarkace! Ka je kasuwar Tanut, ka je ta Belbeji, in ka samo mini irinta ka zo ka ce na yi ƙarya. Ƙyauren soro ma haka. Ko ƙasar bango ba abin zubarwa ba ce. Tsohuwar ƙasar da aka taɓa kwaɓawa ta fi sabuwa kama jiki, in wani gefe ya zube, nan za a jiƙa ta a mai da ita. Shi kuwa siminti, ka manta garin da aka haife ka? Shan ruwa yake kamar raƙumin da ya fito daji, a buga bulo a ba shi ruwa, a gina a ba shi ruwa. Mu da famfo ke yi wa rowa, mu da ke tsayawa layi da jarka, mu ne za mu rushe abin da ke tsaye mu shayar da bango? Abin da ke tsaye ka riga ka same shi. Abin da babu shi kaɗai za ka nema.

Akwai wata kuma, wannan ka san ta, don kana nan. Bayan rasuwar babanka, na sa aka toshe rariyar da ke gindin katangar gabas, don kajin maƙwabta na shigowa ta nan suna ci mini tsaki. Nuhu ya ce, "Inna, Baba fa ya ce kada a taɓa wurin nan." Na ce ya rufe mini baki. Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa, ruwa ya shigo ya rasa mafita, ya kwanta tsakar gida har gwiwa. Madafa ta jiƙa daga ƙasa ta zauna a kan awakina biyu da babban kaskona. Kai ka fasa rariyar da gatari, kana tsaye cikin ruwa kana faɗa da ni. Ka manta? Ni ban manta ba, har abin da ka ce: "Inna, ruwa ba ya canza hanya don kaji."

To ruwa zai canza hanya don falo? Na duba zanen mutuminka da kyau kafin in ɗauki muciya. Daidai kan hanyar ruwan nan ya ɗora babban ɗakin. Ba na ce mugu ba ne. Da rani ya zo, ƙasa a bushe, bai taɓa ganin damina a gidan nan ba, kuma sana'arsa ce, in an rushe da yawa a gina da yawa. Kai ne ka san gidan. Kai ne ka tsaya cikin ruwan. Tsohon gida ya riga ya yi sulhu da ruwa da iska da rana, waɗanda suka gina shi sun sha wuya kafin su gane inda kowanne ke bi. In ka share shi, daga farko za ka fara koyo, kuma ƴaƴanka ne za su kwana cikin kuskuren.

Sai zaure. Nan ne jinina ya fi hawa. A wurinsa za a yi gareji. Garejin motar wa? Kana gyaran motocin mutane a ƙasar wasu, ko keke ba ka ajiye a gidan nan ba, za ka rushe zauren ubanka don motar da ba a haifa ba?

Ka san Agali, Ba'abzinen nan na wajen Tenhiya, aminin babanka. Duk jajibirin kasuwa a zauren nan yake sauka, shi da mutanensa. Ina amarya na sha yin ƙorafi a kansu: tokar shayi, kashin raƙuma a ƙofar gida, tuwon da ba ya isa. Na ce wa babanka ya nema musu wani masauki. Wannan karon dai bai biye mini ba, ya ce, "Gidan da ba zaure, kabari ne mai ƙofa." Na yi kwana da kwanaki ina kumbura. Sai ga shekarar da damina ta ƙi, rumbu ya zama fanko, nonona ya ƙafe kana tsotso kana kuka. Wata safiya na ji sallama a zaure. Agali ne, shi ma dabbobinsa sun mutu sun bar kaɗan, ya jawo akuya mai nono da igiya, ya ɗaure ta jikin ginshiƙi. Ya ce, "Ta yaron ce." Ko ruwa bai tsaya sha ba. Nonon akuyar nan ka sha ka rayu, Isufu. Agali ya tsufa, ba ya iya hawa raƙumi, amma ƴaƴansa har yau nan suke sauka. Cukun da ke cikin jakarka su suka kawo. In sun zo suka tarar da ƙofar ƙarfe a kulle, ka ce musu me? Su kwana a garejin?

Na kira Rakiya na tambaye ta, don kada in ɗauki alhakinta. Na ce, "Ƴata, ke kika ce a share gidan?" Ta fashe da kuka. Ta ce, "Wallahi Inna, ni ɗaki nake so mai taga, da makewayi nawa, da daɓen siminti da zan wanke in yara sun ɓata. Ban ce a kai ki ko'ina ba." Gaskiyarta. Abin da take so hakkinta ne, kuma ba sai an kayar da komai za a ba ta ba.

Ga abin da na gani, in kana da kunnen ji. Soron babanka lafiyarsa lau. A fasa masa ƙofa ta kudu, a ɗora ɗakuna biyu jikinsa, bangonsa ya zama nasu. Ka ga an huta da gina bango guda, kuma inuwarsa za ta sanyaya su. Nan Rakiya za ta zauna da yara, a fitar mata da tagoginta, a yi mata makewayi ta baya. Siminti a sa shi inda yake da amfani: a ƙasa, da gindin bango inda ruwa ke ci, da bakin indararo. Ni ban ƙi siminti ba, ban ƙi zamani ba, har wutar nan ta rana da ka sa mana ina jin daɗinta. Rumbu tunda gonar ta ragu ba ya cika, a yi masa ƙofa ya zama ma'ajiyar kaya. Zaure a sake masa yaɓe, in falo kake so ka zuba kujerunka a gefe guda, ka bar wa baƙi gefe guda. Katangar gabas a ɗaga ta, a bar rariya inda take, a sa mata raga don kaji.

Ɗakin harawa kuwa, na daɗe ina son in ga bayansa, don duk na wuce shi sai na tuna Iya. Amma ko shi ban ce a rushe ba. Bulonsa na nan da ƙarfi. A ɗaga rufin, a yi masa silin, a lulluɓe bangon yamma da tubalin ƙasa daga waje, a buɗe taga ta arewa. Nuhu ya sa amaryarsa. In kuskurena ma zai iya zama ɗaki, me zai sa a kayar da abin da aka yi daidai?

Na san abin da ke ranka, don ya taɓa zama a nawa. Kana so in ka dawo a nuna gidan a ce na Isufu ne, wanda ya je Aljeriya. Ka sha wuya a can, ka kwana ƙarƙashin motoci, an kira ka sunayen da ba naka ba. Ban raina wahalarka ba. Amma mutanen da za su nuna gidan ba su za su kwana ciki ba. Matar ma'aikacin nan da na yi wa kallon sha'awa, an canza wa mijinta wurin aiki, sun tafi, ko sunana ba na jin ta riƙe. Ni aka bari da ɗakin harawa.

Ka sani, Gangara ba zan je ba. Nuhu ka bar wa saƙon ya kai ni, yaron nan tun jiya ya kasa haɗa ido da ni. Kada ka sake sa ƙanenka tsakanina da kai. Na aika wa ɗan kwangilarka cewa kada in ga ƙafarsa sai ka kira shi da bakinka ka faɗa masa aikin ya canza. In zai iya ƙari jikin tsohon gini, bismilla, zan dafa wa ma'aikatansa da hannuna. In ba zai iya ba, akwai magina a garin nan. In kuwa ka ce sai an rushe, to ka dawo ka tsaya gabana ka ɗauki digar da kanka. Ɗan da na haifa ba zai aiko baƙo ya yi masa abin da yake jin kunyar gani ba.

Kafin ku wuce Adarbisanat waya na kamawa. Ka kira ni. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ba na son "To Inna." Ka ce ka karanta.

Sauran magana kaɗan ce. Ka riƙe salla ko a kan rairayi ne. Kada jarkarka ta rabu da ruwa, ko direba ya ce an kusa. Kada ka karɓi kayan wanda ba ka sani ba. In kun sauka Agadas ka ci abinci mai zafi, ka bar shayi da biskit.

Na san ana tsoron matafiyi ya bar gida uwarsa na fushi da shi, ni ma ina tsoro. Saboda haka ka ji da kyau: ban yi maka baki ba, ba zan yi ba har abada. Fushin nan a gida na ajiye shi, ba zai hau mota tare da kai ba. Albarkata ce ke biye da kai, gaba da baya, dama da hagu. Allah Ya tsare mini kai, Ya ba ka halal mai yawa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya rufe idon mugu daga kanka, Ya dawo mini da kai lafiya. Fushin kuwa yana nan yana jiranka. Ko ka kira ka kashe shi tun kana hanya, ko ka dawo ka tarar ya yi ƙiba.

Wassalam.

Innarka,
Zuwaira